Me aka zuba a cikin manyan motocin alfarma, kuma ko a sayi tsohuwa?

"Assalamu alaikum Malam, don Allah tambaya gare ni. Irin manyan motocin nan masu ƙofa huɗu, su S-Class da BMW 7 Series da Lexus LS, wai me ke cikinsu ne da kuɗinsu ya ninka na mota irin Camry har sau nawa? Ni dai da na leƙa ciki fata na gani da allon taɓawa da fitilu masu canza launi, kuma yanzu ƙananan motoci ma suna da waɗannan. Suna kawai ake saya ko da gaske akwai wani aiki na daban a ciki? Na biyu, na ga wata mai shekara goma ana sayar da ita a kuɗin ƙaramar mota, raina ya biya sosai. In saya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayoyinka biyu ne amma a haɗe suke, wato me aka zuba a motar har ta kai wannan kuɗi, sannan shi abin da aka zuba ɗin ya yake komawa bayan shekara goma. Ni aikina gyaran irin waɗannan motocin ne, na daɗe ina kwance ƙafafunsu ina bin wayoyinsu, don haka ta wajen gareji zan ba ka amsa, abin da masu talla ke faɗa kuwa ka riga ka ji shi.

Ka yi gaskiya a abu ɗaya. Fatar nan da allo da fitilu masu launi su ne mafi sauƙin kwaikwaya a cikin motar gaba ɗaya, shi ya sa cikin 'yan shekaru kake ganin sun sauko cikin ƙananan motoci. Kuma eh akwai kuɗin suna a ciki, kar wani ya ce maka babu. Amma yawancin aikin yana inda ido ba ya kaiwa, kuma duk abu ɗaya ake nema da shi, a raba wanda ke zaune a ciki, musamman na kujerar baya, da titi da inji da iska, ya yi tafiyar awa biyar ko shida ya sauko jikinsa bai san ya yi tafiya ba. In ka riƙe wannan za ka gane dalilin kusan kowane ƙarfe da ke jikin motar.

Fara da girma. Doguwar S-Class ta 2020 tsawonta mita 5.29 ne, tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya milimita 3216. BMW 7 Series ta 2022 ma ta fi ta tsawo, mita 5.39. Camry kuwa tazarar tayoyinta milimita 2825 ce, ka ga bambancin kusan santimita 40 kenan, kuma yawancinsa wajen miƙe ƙafar na baya ya tafi. Bayan haka mota mai doguwar tazara ba ta yawan noƙe kai da ɗaga gindi in ta hau tudu ko ta faɗa kwari. Sai dai girma da nauyi yake zuwa, yawancinsu sun kai tan 2 ko sun wuce, masu lantarki irin BMW i7 ma sun haura tan 2.6, kuma wannan nauyin zai riƙa dawo mana a kowane fanni.

Shiru

Ƙara ta hanya uku take shiga mota, ta inji, ta taya da titi, sai ta iska. A ƙaramin gudu inji da taya kake ji, da ka wuce kilomita 100 zuwa 120 a awa iska ce ke karɓe fage. Kowacce da yadda ake yaƙarta. Ta iska tun daga surar mota ake farawa, S-Class ta 2020 ma'aunin tirjiyar iskarta ya sauko har 0.22, alhali Lexus LS 400 ta 1989 da ta girgiza Jamusawa a zamaninta 0.29 take da shi, kuma a lokacin ana ganin abin mamaki ne. Madubin gefe, hannun ƙofa da ke shigewa cikin bodi, faifan da aka rufe ƙarƙashin motar da shi, duk don iska ta wuce sumul ba tare da ta yi fito ba.

In ka samu dama wata rana ka sauke gilashin ƙofar irin wannan mota rabi, ka shafa bakinsa da yatsa. Za ka ji gilashi biyu ne aka manne da wani siririn layi a tsakiyarsu, wata leda ce mai shanye ƙara. Mercedes tun S-Class ta 1991 ta sa wa ƙofofi gilashi ruɓi biyu. Ka kuma duba robar da ta zagaye ƙofar, layi biyu ce ko uku, a ƙaramar mota sau da yawa ɗaya ce da rabi. Cikin ginshiƙan bodi inda yake holoƙo an ɗura kumfa mai daskarewa don kar ƙara ta bi ta nan ta hau sama, murfin da ke saman taya na zare ne mai laushi don tsakuwa in ta buga kar ta amsa, wasu tayoyin ma in ka cire su daga rim za ka tarar an manna soso a cikinsu zagaye, saboda iskar da ke cikin taya ita ma tana da gurnaninta. Robobin da inji ke zaune a kai kuwa da ruwa a cikinsu, su ke shanye karkarwar inji kafin ta kai ga sitiyari da kujera. Sababbin kuma sun ƙara da makirfo da sensa masu sauraren ƙarar titi, sai kwamfuta ta fitar da kishiyar ƙarar ta sifiku, su kashe juna kafin su iso kunnenka.

Wahalar wannan aiki ita ce duk ƙarar da ka kashe sai ta tona asirin wadda ke ƙarƙashinta. Ka kashe ta taya sai a fara jin fankar esi, ka kashe wannan sai a ji ɗan injin lantarkin da ke matsar da kujera, ko fata tana goga fata. Shi ya sa hatta ƙananan injinan lantarki na gilashi da kujera na musamman ake yi musu. Rolls-Royce da suka yi Ghost ta 2020 sun zuba abin kashe ƙara fiye da kilo 100, har suka tarar shirun ya yi yawa yana rikita mutane, sai da suka dawo suka bar wani ɗan sauti mai laushi da gangan. Kuma ka sani da desibel ake auna ƙarfin ƙara, ƙarin desibel 10 kunne ninki biyu yake jinsa, don haka 'yan desibel ɗin da ke tsakanin wannan mota da waccan a takarda ba su da yawa, amma a doguwar tafiya kai ne za ka ba da labari.

A gareji ina yawan ganin yadda ake rusa wannan aiki ba a sani ba. Gilashin gaba ya fashe an sa na gama-gari, taya ta cinye an sa duk wadda aka samu, murfin ƙasa ya yage an cire an jefar, sai mai mota ya zo yana cewa motar ta canza, wai ko inji ne. Inji lafiyarsa ƙalau.

Ƙafafu

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne kuɗi ke tafiya daga baya. Mota ta gama-gari a kan sifirin na ƙarfe take zaune, kuma sifirin na ƙarfe taurinsa ɗaya ne kullum, in ka yi shi da laushi mota ta yi daɗi amma da an loda mutane da kaya ta zauna, a kwana kuma ta kwanta gefe, in ka yi shi da tauri ta tsaya daram amma kowane ɗan gargada sai ya iso bayanka. Dole injiniya ya tsaya a tsakiya ya haƙura. Su waɗannan manyan ba sa son haƙurin, sai suka koma iska. A kowace ƙafa akwai balan-balan na roba mai kauri, akwai kamfireso mai hura shi, da tankin ajiye iska, da akwatin bawul mai raba iskar, da sensa a kowane ɓangare mai auna tsayin motar. Mutum huɗu suka shiga, sensa ta ga mota ta sauka, kamfireso ya ƙara iska ta dawo daidai, kuma abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne taurin yana ƙaruwa daidai da nauyin, don haka laushin da kake ji kusan ɗaya ne ko kai kaɗai ne ko an cika ta. Ana saita bodin ya riƙa lilo sama da ƙasa wajen sau ɗaya a daƙiƙa, kusa da yadda jikin mutum ya saba in yana tafiya a ƙasa, a nisanta shi daga girgizar sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa wadda ita ce ta fi gajiyar da ciki da baya.

Dabarar ba sabuwa ba ce fa. Cadillac ta gwada ta a 1957, Mercedes ta sa a 300 SE a 1961, amma sai da kwamfuta ta shigo abin ya zauna, S-Class ta 1998 ce ta zo da ƙafar iskar da suke kira Airmatic, daga nan kusan duk ajin suka bi. Yanzu motar da kanta take sauka ƙasa kaɗan in gudu ya yi yawa don iska ta rage tirjiya, ka kuma danna maɓalli ta ɗaga in hanya ba kyau. Wasu balan-balan ɗin ɗaki biyu ko uku gare su, bawul ya buɗe ɗakunan su haɗe iska ta samu fili ƙafa ta yi laushi, ya rufe ta yi tauri nan take. Shokazoba ma da bawul na lantarki a cikinta, kwamfuta na canza taurinta sau da yawa a daƙiƙa ɗaya, kowace ƙafa daban.

Sai matsalar kwana. Akwai sandar ƙarfe da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don hana mota kwanciya gefe, amma ita wannan sandar in tayar hagu ta faɗa rami sai ta kai wa ta dama labari, kai kuma kanka ya riƙa kaɗawa hagu da dama. To sai aka raba sandar biyu aka sa ɗan injin lantarki a tsakiya, a miƙaƙƙiyar hanya ya saki kowace taya ta yi harkarta, a kwana ya murɗe ya riƙe bodin. Mataki na gaba shi ne motar ta ga ramin kafin ta taka shi. S-Class ta 2013 ce ta fara da kyamara biyu a saman gilashin gaba masu auna titi har mita 15 a gaba, sai ƙafafu su shirya kafin taya ta iso. Audi A8 ta 2017 kuma ɗan injin lantarki ta sa a kowace ƙafa, har in ta ga wata mota za ta daki gefenta tana ɗaga wannan gefen santimita 8 cikin rabin daƙiƙa don dukan ya sauka a kan dokin ƙofa mai ƙarfi maimakon tsakiyar ƙofa. Gaskiya a ganina wannan na cikin abubuwan da suka fi burge ni a ajin gaba ɗaya. Sai dai ita kyamara da dare ko cikin ruwan sama ganinta na raguwa, kuma ta fi iya tudu mai faɗi fiye da rami mai kaifin baki.

Bari in ɗan yi ƙorafi a nan. Bayan duk wannan wahala da injiniyoyi suka sha, sai mai saye ya zaɓi rim inci 21 da siririyar taya don kyau. Taya ita ce sifirin na farko, in ka rage mata kauri ka ƙara wa ƙafa nauyi, babu kwamfutar da za ta mayar maka da abin da ka rasa. Mota ɗaya a kan inci 19 ta fi daɗin zama nesa ba kusa ba, kuma rim ɗinta bai cika lanƙwashewa ba.

Tsawon motar ma ya kawo nasa ciwon kai wajen juyawa, shi ya sa yanzu tayoyin baya ma suna juyawa. A ƙaramin gudu suna karkata kishiyar na gaba, a S-Class ta 2020 har digiri 10, wanda ke rage filin da take buƙata ta juya da kusan mita 2, a babban gudu kuma suna bin na gaba kaɗan don canza layi ya zo ba tangaɗi.

Inji da giya

Nan ba zan daɗe ba. Abin da ake nema shi ne ƙarfi tun daga ƙasa ba tare da inji ya ɗaga murya ba, ka ɗan taɓa totur mota tan 2 ta tafi. Shi ya sa ake son silinda shida a jere, domin motsin fistocinsa yana kashe girgizar juna da kansa, V12 mai silinda sha biyu kuma irin wannan ne guda biyu aka haɗa. Dokokin hayaƙi sun cinye yawancin V12, BMW ta daina sa shi a 7 Series a 2022, Mercedes ta bar shi a Maybach S 680, Lexus ma ta sauka daga V8 zuwa V6 mai turbo biyu a 2017. Cikin abin da ya maye gurbinsu akwai inji lita 3 mai turbo da taimakon lantarki mai folt 48. S 500 ta 2020 doki 435 gare ta, tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 4.9, kuma injinta ko bel ba shi da shi a gaba, famfon ruwa da kamfireson esi duk lantarki ke juya su, sannan wani ɗan injin lantarki da ke tsakanin inji da giya shi ke tayar da shi cikin ƙiftawar ido ba ka ji ba. Giya kuma 8 ko 9 ko 10, Lexus LS 460 ta 2006 ce ta fara kawo mai 8, amfaninta a kan babbar hanya inji yana juyawa a hankali mota na gudu. A wajen shiru kuwa motoci masu lantarki zalla sun gama magana, illa nauyin batir da ke cin taya.

Bodi da tsaro

Ƙafa mai laushi ba ta aiki sai a kan bodi mai tauri, in bodi na murɗewa duk saitin ya tashi a banza kuma ƙofofi su fara ƙiƙi-ƙaƙa. Ana son tauri ba a son nauyi, sai aka koma alminiyam wanda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Audi A8 ta 1994 ce ta yi suna da bodin alminiyam, BMW ta saka zaren kabon a ƙashin 7 Series ta 2015 ta rage har kilo 130, yanzu kuma gauraye ake yi, ƙarfe mai tsananin ƙarfi a kewayen fasinja, alminiyam a sauran, a haɗa da gam da ƙusar ribit saboda walda ba ta haɗa su. Ka riƙe wannan don zai yi maka amfani wajen sayen tsohuwa, irin wannan bodin in ya yi hatsari ba kowane mai bugun ƙarfe ne ke iya mayar da shi yadda yake ba, zai yi kyau a ido amma ƙarfin ya tafi.

Ta fannin tsaro kuwa wannan ajin shi ne wajen gwaji. ABS na lantarki mai hana tayoyi kullewa in an taka birki a S-Class ya fito a 1978, eyabag ɗin direba, wato jakar iskar da ke tare shi a hatsari, a 1981, ESP mai hana mota zamewa a 1995, na'urar rada mai riƙe tazara da motar gaba a ƙarshen shekarun 1990, a 2002 kuma Pre-Safe mai ɗaure bel ya gyara kujera in ya hango hatsari. ESP ɗin da ya fara a motar masu hannu da shuni ya zama dole a kan duk sabuwar mota a Tarayyar Turai a 2014. S-Class ta 2020 ta kawo eyabag a bayan kujerun gaba don na baya, a Disambar 2021 kuma Jamus ta amince wa Mercedes da tsarin da direba zai iya sakin sitiyari ya ɗauke ido daga hanya cikin cunkoso, a gudun da bai wuce kilomita 60 ba a lokacin, a kan wasu manyan hanyoyi kaɗai. Ka ga abin da wannan ke nufi gare ka, yawancin na'urorin tsaron babbar mota mai shekara goma yau akwai su a sabuwar ƙaramar mota, wani lokaci ma nata sun fi sabunta. Abin da bai sauko ba shi ne shirun da ƙafafun, saboda su fili da nauyi da kaya masu tsada suke ci, ba a kwafe su da manhaja.

Su kujeru masu tausa, ƙananan jakunkunan iska ne a ƙarƙashin fata da famfo ke hurawa yana sacewa, ga fanka mai busa sanyi, ga kujerar baya ta S-Class mai kishingiɗa har digiri 43.5, ga allon inci 31.3 da ke saukowa daga rufin BMW. Suna da daɗi ba musu. Amma allo shi ne abin da ya fi saurin tsufa a mota, bayan shekara takwas wayar da ke aljihunka ta fi shi komai.

To, a sayi mai shekara goma?

Farashinta ya faɗi ne saboda masu sayenta sabuwa ba sa son tsohuwa, masu son tsohuwa kuma suna tsoron gyara, kuma tsoron nasu da dalili. Kuɗin mota ya sauka, kuɗin kayanta yana nan inda yake tun ranar da ta fito. Lamarin kamar na doki ne, saye ba shi ne wuya ba, harawa ta kullum ce aikin.

Ga yadda abin ke tafiya a yawancin waɗanda ake kawo mini. Robar balan-balan tana naɗewa tana warwarewa a wuri ɗaya duk tsawon rayuwarta, da shekaru sai ta fara tsattsagewa a wannan lanƙwasar. Da safe mai mota ya fito ya tarar ta durƙusa ta gefe ɗaya, ya tayar da ita ta miƙe, sai ya ce ai ba komai. In muka ɗaga ta muka fesa ruwan sabulu a lanƙwasar za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa a jere a hankali. A wannan matakin balan-balan kawai za a canza, kuma gara a canza hagu da dama tare. In aka bari, kamfireson da aka yi shi don ya yi aikin 'yan daƙiƙu ya huta sai ya koma aiki ba tsayawa, ya yi zafi ya ƙone, abin busar da iskar da ke jikinsa ya jiƙe, danshi ya shiga akwatin bawul, gyaran abu ɗaya ya zama na huɗu. Wasu sai su gaji su cire iskar gaba ɗaya su sa sifirin na ƙarfe. Motar za ta yi tafiya, amma abin da ya sa ka saye ta ka cire kenan, gara tun farko ka sayi wadda aka haifa da sifirin.

Haka hannayen ƙafa, kowace taya da hannaye huɗu ko biyar, kowanne da bushin ɗinsa, wasu da ruwa a ciki, ga tan 2 a kansu kullum. Haka faifan birki da taya, nauyi na cinye su da wuri. Injinan V8 na zamani da aka cusa turbo a tsakiyar kwarin injin suna amsa totur da sauri, amma zafin da ke taruwa a wurin yana dafa robobi da bututun ruwa da wayoyi, sai yoyon baƙin mai da na ruwa su biyo baya. Man giya ma a canza shi, ko da an ce maka na har abada ne, kamfanin ZF da ke ƙera giyar da yawa daga cikinsu da kansu suna ba da shawarar a canza.

Lantarki kuma shi ne mai sa mutum furfura. Kwamfutoci ne gommai suna magana da juna ta waya, wasu a ƙarƙashin kafet, wasu a cikin but. An taɓa kawo mini wata da fitilun gargaɗi kusan duka a kunne, giya ta ƙi shiga yadda ya kamata, mai ita ya riga ya yanke cewa giyabos ne ya mutu. Da na sa hannu ƙarƙashin kafet ɗin gefen fasinja sai na ji soson jiƙe sharkaf alhali samansa a bushe, bututun da ke zubar da ruwan tagar rufi ne ya toshe da ƙasa, ruwa ya bi ginshiƙi ya sauko ya kwanta a kan soket, ƙafafun soket ɗin har sun yi kore. Batir mai rauni ma kaɗai yana iya haddasa irin wannan hauka, wasu kuma batir biyu gare su, kuma in an sa sabo sai an shaida wa kwamfuta. Fitilar gaba a wasu sababbin madubai ƙanana fiye da miliyan 1 ne a cikin kowace ɗaya, ba ƙwai ba ne da za ka cire ka sa wani. Gilashin gaba in an canza sai an sake saita kyamara.

Ban ga motar da kake magana a kai ba, kuma ba na yanke wa mota hukunci daga nesa, biyu masu shekara ɗaya da tafiya ɗaya sai ka tarar ɗaya lafiyayya ɗaya kuma rami ce, bambancin hannun da ya riƙe su ne. Amma ga abin da zan yi in ni ne. In nemi takardun sabis, in babu in wuce. In sa a ajiye ta ta kwana, in auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a ƙafa huɗu da yamma in sake aunawa da safe kafin kowa ya tayar da ita. In tayar da ita da sanyi in saurari injin a daƙiƙun farko. In kai ta wajen mai kwamfutar da ke karanta duk sassan wannan samfurin, ba ƙaramar nan mai karanta inji kaɗai ba, in kuma an ga an goge komai jiya-jiya to akwai abin da ake ɓoyewa. In ɗaga ta sama a duba yoyo da alamun gyaran hatsari, in taɓa ƙarƙashin kafet da ramin safaya, in danna kowane maɓalli har na labulen baya.

Cikin samfuran kuma ka nemi mafi sauƙin haɗi, silinda shida maimakon takwas ko sha biyu, ƙafar iska ta gama-gari maimakon irin mai kyamarar nan da ke aiki da famfon mai, ƙaramin rim, kuma ta ƙarshen zubin samfurin wadda aka riga aka gyara kurakuran farko. A abin da nake gani tsofaffin Lexus LS masu V8 marar turbo sun fi haƙuri da tsufa, na Jamus kuma sun fi daɗi a babban gudu. Ka tabbata akwai makanikin da ya san irinta da inda za ka samu kayanta kafin ka biya, kuma kar kuɗin saye ya zama shi ne duk abin da ke hannunka, ka ware wani kaso mai kauri na gyaran shekarar farko domin kusan tabbas za ka taɓa ƙafa da batir da ruwaye. In ita ce za ta zama motarka tilo ta zuwa aiki kullum kuma lalacewarta na mako biyu zai tsayar maka da harka, ƙaramar sabuwar nan ta fi maka.